Gafarar da Ba a Jira Amsarta Ba

An ce wai a garin Kwarin Ɗinya an taɓa yin wani alƙali mai suna Malam Haladu, mutum mai yawan tambaya. Tambayarsa ba ta tsaya ga shari'a ba. In ya ga maƙeri yana zuga wuta sai ya tsaya ya ji yadda zugazugi ke aiki, in kuma wata kalma ta faɗa masa a kunne sai ya bi ta har ya gano inda ta fito. Wasu na cewa hikima ce, wasu na cewa bin diddigi ne kawai, shi kuwa ko a jikinsa.

A garin akwai titi guda da ya taso daga tasha ya nufi kasuwa, ana ce masa Titin Marina. An yi shi tun lokacin da jaki ne babban abin hawa, saboda haka in babbar mota ta shiga sai ta cika shi fam. A gefensa akwai 'yar siririyar hanya a kan murfin kwata, wadda aka bar wa masu tafiya a ƙasa. Direbobi na jin haushin masu keke, masu keke na jin haushin masu ƙafa, masu ƙafa kuwa sun haɗa su duka suna tsine musu. Kowa dai gani yake wanda bai kai shi sauri ba shi ne ya tare masa hanya.

Mutanen garin suna da wata al'ada da suka gada daga 'yan dako da masu jakuna. Wanda ya taho da kaya ya ɗaga murya ya ce “Gafara!”, to ya fita haƙƙi, in ya bangaje ka bayan haka, kai ka jawo wa kanka. Da keke ya zo, aka ce ƙararrawa ita ce gafararsa. Da mota ta zo, aka ce hon ne tata. Babu wanda ya taɓa tsayawa ya duba ko maganar ta zauna daidai.

Ran nan, ranar kasuwa da hantsi, wani mai sayar da burodi, Tanimu, ya shigo Titin Marina a kan kekensa. Keken nan shi ne shagonsa, shi ne gonarsa. Da shi yake zaga ƙauyuka, da shi yake ci da iyalinsa. Sai ga wani direba, Barau, a bayansa da mota shaƙe da albasa. Barau ya danna hon, ya sake dannawa, amma ƙafarsa ba ta je kusa da birki ba. Tanimu ya waiwaya ya ga hancin mota na shirin shinshinar tayarsa, sai ya haye hanyar masu ƙafa yana kaɗa ƙararrawa, yana ihu, “Gafara! Gafara!” A gabansa kuwa akwai Inna Tabawa, tsohuwa mai ginin tukwane, da kayanta niƙi-niƙi a ka. Ba ta waiwaya ba, ba ta kauce ba. Keke ya kwashe ta, tukwane suka tarwatse, hannunta na dama ya goce. Barau ya wuce abinsa, sai a tasha 'yan doka suka cim masa.

Aka kai su gaban Malam Haladu, aka ɗaure keken Tanimu da sarƙa a jikin bishiyar maina a ƙofar majalisa. Jama'a suka cika wurin, mafi yawansu suna cewa a sayar da keken a biya tsohuwa, tunda shi ne ya buge ta. Tanimu na jin haka sai hankalinsa ya tashi, don ya san in keken ya tafi, tuwon gidansa ya tafi ke nan.

Alƙali ya fara da direba. Barau ya gyara zaman hularsa ya ce, “Allah gafarta Malam, ni fa motata ko ƙurar rigar wani ba ta taɓa ba. Na yi hon, duk titin sun ji. Me kuma ake nema a wurina?”

Tanimu ya ce, “Allah gafarta Malam, da ban haye gefe ba, da yanzu ana jana'izata. Na kaɗa ƙararrawa, na yi gafara har muryata ta dushe. Ai a garin nan wanda ya yi gafara ya fita.”

Alƙali ya juya ga tsohuwa. “Inna, kin ji shi kuwa?”

“Ras na ji shi,” in ji Tabawa, tana tallafe da hannunta. “Kurma ce ni? Amma hanyar nan tawa ce. Ina bin ta tun ba a haifi uwar yaron nan ba. Sun ƙwace titi mun bar musu, yanzu ɗan gefen ma sai sun biyo mu? Na ce wallahi yau ba zan gusa ba.”

To, ga inda maganar ta cije. In alƙali ya bi al'adar gari, direba ya fita, mai keke ya fita, laifi ya faɗa kan wadda aka ji wa ciwo, wannan kuwa zuciya ba ta karɓarsa. In ya bi bakin jama'a, Tanimu ya rasa kekensa, wanda ya koro shi kuma ya tafi yana fito. In ya kama Barau, direbobi za su ce da me aka kama mutumin da bai taɓa kowa ba?

Malam Haladu ya shafa gemu. Can sai ya dubi Barau da fuskar mai son sani, ya ce, “Ni ban taɓa tuƙa mota ba. Gaya mini, in ka danna hon, me yake cewa? Da a ce yana jin Hausa.”

Mutane suka yi dariya. Barau ya ce, “Cewa yake yi, ga ni nan tafe, a ba ni hanya.”

“Ƙararrawa fa, Tanimu?”

“Ita ma haka, Allah gafarta Malam. Gafara ce dai.”

“Ikon Allah,” in ji alƙali. “Ashe ƙarfe ma na neman gafara.” Sannan ya ce ba zai yanke hukunci a ranar ba. Ya umarci mazan biyu su same shi a gidansa gobe da hantsi, ita kuwa Inna ta fara zuwa wurin mai ɗori, in an gama ta biyo su. Jama'a suka watse suna gunaguni, wai Malam ya sake tsunduma cikin tambayoyinsa.

Washegari Barau ne ya fara isowa. Ya tarar da ƙofar zaure a buɗe wangwam, ga takalman alƙali a bakin ƙofa. Ya tsaya ya ce, “Salamu alaikum!” Shiru. Ya sake, shiru. Ya yi ta uku da ƙarfi, har kajin maƙwabta suka firgita, ba wanda ya amsa. Ya koma gefe ya tsaya.

Jim kaɗan sai ga Tanimu a ƙafa, idanunsa sun yi ja don bai yi barcin kirki ba. Shi ma ya yi sallama, ya ƙara da, “Gafaranku dai masu gida!” Ba amsa. Abin haushi kuma, daga soron ciki ana jin gyaran muryar alƙali, har da ƙarar ludayi a cikin kwano.

Rana ta ɗaga. Babu inuwa a ƙofar gidan sai 'yar siririyar da katanga ta bayar, dole mutanen nan biyu da jiya ko kallon juna ba sa yi suka matsu a cikinta kafaɗa da kafaɗa. Barau na ta duban hanya, don lodi na jiransa a tasha. Ya ce, “Kai, ka leƙa mana.”

Tanimu ya ce, “Ni? In faɗa gidan mutum ba a amsa mini ba? Kai da ka fi ni girma ka shiga.”

“A'a, ba a yi mini wannan tarbiyyar ba,” in ji Barau.

Suna nan gumi na tsiyaya sai ga Inna Tabawa, hannu a ɗaure da tsumma da karare. Ta tambaye su abin da ya tsayar da su a rana, suka gaya mata. Ita da yake mace ce, tsohuwa kuma, shiga gida wurin matan gida ba ya yi mata wuya. Ta yi sallama ta kutsa kai. Tana shiga soron ciki sai ta ga Malam Haladu zaune a kan buzu, ya miƙe ƙafa, yana shan kununsa a natse.

Tsohuwa ta riƙe haɓa da hannunta mai lafiya. “Haba Malam! Ashe kana nan? Bayin Allah na ta kwaɗa sallama, rana na gasa su, kana ji ka yi musu banza? Kai da ke karantar da mutane? Ko yaro ya san amsa sallama wajibi ne!”

“Inna, ai gidana ne,” in ji alƙali. “Ina cikinsa tun ba a haife su ba.”

“Don gidanka ne sai me? In ba ka son su shigo, ka ce su dakata, ko ka ce su koma. Amma ka ji ka yi shiru, wannan ba hali ba ne!”

Alƙali ya ajiye ludayi, ya yi murmushi, ya ce, “Madalla. Riƙe wannan maganar, kada ki yar da ita.” Sannan ya ɗaga murya ya amsa sallama, ya ce su shigo.

Da suka zauna, ya dube su ya ce, “Ƙofa a buɗe take, babu mai gadi, babu kare. Kun yi sallama, kun yi gafara. Me ya hana ku shigowa?”

Suka haɗa baki, “Ba a amsa ba, Allah gafarta Malam.”

“Kai Barau, sauri kake yi?”

“Ƙwarai kuwa, lodi na jirana.”

“Amma saurin bai shigo da kai ba.” Alƙali ya gyara zama. “Jiya na kwana ina juya kalmar nan, gafara. Tun safe har dare kuna ce mini Allah gafarta Malam. Roƙo kuke yi mini, ba wanda ya isa ya ba Ubangiji umarni. Wanda ya yi wa ɗan'uwansa laifi ya ce a gafarce shi, ba shi ke yafe wa kansa ba, tsayawa yake ya ji abin da za a ce. Haka kakanninmu suka ɗauko kalmar suka kai ta kan hanya. Ɗan dako na cewa gafara ne don ya san zai takura wa wani, yana neman a yi masa afuwa a matsa. Tafiyarsa kuma a hankali take, kafin ya iso an waiwaya an kauce, amsar ke nan. Da ƙafafun roba suka zo, sai kuka riƙe roƙon kuka yar da jiran. A ƙofar gidana kun san sallama ba ta buɗe ƙofa sai an amsa. Me ya mantar da ku a Titin Marina?”

Barau ya sunkuyar da kai. Tanimu kuwa ya tabbata keke ya tafi.

“Barau, Tanimu yana cikin titi kafin ka iso, kamar mai gida ne a zaurensa. Ka yi sallama da hon, ka faɗa masa ba ka jira ba. Kai ne farkon ɓarnar, ko da ƙarfenka bai taɓa kowa ba. Ɗorin hannun Inna da abincinta har ta warke suna wuyanka. Tanimu, an koro ka, na sani, shi ya sa ba zan raba ka da kekenka ba. Amma abin da aka yi maka shi ka juya ka yi wa wadda ba ta kai ka ƙarfi ba, ga birki a hannunka. Duk ranar kasuwa, kai za ka ɗaukar mata tukwane a keken nan, kana tura shi a ƙasa, har ranar da za ta iya ɗora kaya a kanta.”

Tanimu ya kifa goshi a ƙasa, hawaye na zuba.

Tabawa ta ce, “To tukwanena da suka fashe fa?”

“Inna, wa ya ce mini in mutum ya ji sallama ya yi shiru ba hali ba ne, ko da gidansa ne?”

Tsohuwa ta dubi alƙali, ta dubi Tanimu, sai dariya ta ƙwace mata. “Kai Malam! Ashe da bakina ka sa na yanke wa kaina hukunci. To na ji, tukwane sun bi shiruna.”

An ce daga ranar aka sauya al'adar Kwarin Ɗinya. Wanda ya yi hon ko ya kaɗa ƙararrawa sai ya sassauta har a waiwaya ko a ɗaga masa hannu, wanda aka yi wa kuma ba ya yin kamar bai ji ba. Ban ce rigima ta ƙare a Titin Marina ba, don titin bai ƙara faɗi ko da taki ɗaya ba. Amma an daɗe ana ganin Tanimu ranar kasuwa yana tura keke da tukwane a kai, Inna Tabawa na gaba tana taku ɗai-ɗai. In hanya ta matse ya ce, “Gafara, Inna,” sai ya ja birki ya tsaya cik. Ita kuma sai ta ɗan ja masa rai, sannan ta waiwaya ta ce, “An gafarta, ɗan nan. Wuce.”

Abin da masu hankali suka tsinta a wannan hikaya shi ne, neman hanya sallama ce: mai nema ya jira amsa, wanda aka nema a wurinsa kuma kada ya hana ta.