Saniyar da Ta Ƙi a Kira Ta Gona

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa da wuta.

Ta zo mu ji ta, Iya, mun matso.

An yi wata Saniya jibgegiya, tozonta kamar tulu, fatarta sumul sai sheƙi. A bakin fadama take kiwo, kuma abokanta uku ne. Akwai Carki, tsuntsun nan mai jan baki, da ke hawa bayanta yana tsince mata kaska, in ya hango Kura ya yi kuwwa. Akwai Balbela da ke bin sawunta tana cafke fari da ƙudajen da kofatonta ya tayar. Sai Ciyawa, wadda Saniya ke ci, ta bar mata kashi ya zama taki.

Kowace safiya da irin gaisuwarsu. Carki ya ce, "Ina kwana, gonata?" Balbela ta ce, "Ina kwana, garmata?" Ciyawa ta ce, "Ina kwana, jujina?" Saniya ta kaɗa wutsiya ta ce, "Lafiya lau," ta ci gaba da tuƙa.

To, akwai wata Kaska 'yar mitsitsiya da ta kuɓuce wa bakin Carki, ta shige can cikin kunnen Saniya ta lafe. Makirar banza. Ran nan ta gyara murya.

"Yaya, abin nan yana ƙona min rai. Kin ji sunan da Carki ke kiranki? Gona fa. Gona ai nome ta ake yi, a girbe, a cinna wa karan wuta."

Saniya ta daina tuƙa. "Ashe zagina yake yi?"

"Shekara da shekaru, Yaya."

Washegari Carki ya sauka. "Ina kwana, gonata?" Saniya ta zabga masa wutsiya, fyau. "Ni ba gonar kowa ba ce." Carki ya tashi, gashinsa na zuba.

Kaska ta ce, "Madalla. Saura mai kiranki garma. Garma ai ja ake yi da ita cikin ƙasa har ta cinye." Balbela ta zo gaisuwa, ta sha hauri. "Ni ba garmar kowa ba ce."

Kaska ta ce, "Na ukun kam bakina ba zai iya maimaitawa ba. Juji, Yaya. Ke da ƙahonki." Saniya ta hasala, ta rantse ko ɗigon kashinta Ciyawa ba za ta ƙara gani ba. Ta bar fadama fuu, ta haye tudu, fako fetal, babu ko tsinke.

Nan Kaska ta aika wa danginta na gabas da na yamma, ta ce a zo, abinci ya samu babu mai gadi. Suka zo da 'ya'ya da jikoki. Suka cika wuya, suka cika hantsa, suka cika cinyoyi. Ƙudaje suka yanyame idanu. Kwana bakwai, tozo ya kwanta. Kwana goma, ana ƙirga haƙarƙari. Ni kaina da na tuna sai tausayinta ya kama ni.

Rana tsaka Saniya ta waiga, sai ga Kura zaune a gindin ƙaya, miyau na dalala. Tun yaushe take nan? Babu wanda ya yi kuwwa.

Kura ta ce, "Baiwar Allah, kin gaji. Kwanta mana ki huta."

Saniya ta ƙi kwanciya. Ta san in ta durƙusa, shi ke nan. Ta ce, "Kaska, ba ni shawara." Ina, bakin Kaska cike yake da jininta. A nan ta gane. Ta tattara ɗan sauran numfashinta, ta ɗaga kai ta kwarara kira.

"Carki, gonarka ta nuna, zo ka girbe! Balbela, ga garmarki! Ku kai ni wurin Ciyawa!"

Kafin ta rufe baki sama ta cika. Carkuna carr, carr, carr, balbelu fari fat suna sauka sahu-sahu. Kura ta hango fari ya rufe tudu, ta ɗauka mutanen gari ne suka taso daga Idi da fararen riguna. Ta sa wutsiya a tsakanin ƙafa, ta arce ko waige babu.

Carkuna suka hau aiki, caf, caf, caf. Can Carki ya zura baki cikin kunne ya zaƙulo uwar tafiyar, ta yi suntum, ko motsi ba ta iyawa.

Kaska ta ce, "Ranka ya daɗe, dakata. In ka cinye ni, gobe me za ka ci? Kuma in babu ni, Saniya me za ta yi da kai?"

Carki ya tsaya da ita a baki, ya dubi Saniya. Saniya ta yi dogon tunani, ta ce, "Gaskiyarta, bar ta da rai. Amma kunnena ta gama zama. Kai ta gindin wutsiya, in tana da magana ta yi a can."

Har yau a can za ku same ta, tana ta ba da shawara, babu mai ji.

Saboda haka, yara, wanda yake ci a jikinku kuna ci a nasa, ku riƙe shi ko da sunan da yake kiranku ba shi da daɗi. Mai zuga kuwa, ku san inda za ku ajiye shi.

Ƙurunƙus, kan Kaska ba nawa ba.