Manomin Citta da Ɓargon Ƙanwarsa

Akwai wani manomin citta, mutum mai ƙwazo da kyauta, amma ba ya karɓar kome daga hannun kowa. Ko gayya aka ce za a yi masa, sai ya ce, "Hannuwana ba su mutu ba."

Ana nan sai ƙarfinsa ya fara ƙarewa. Fartanya ta yi masa nauyi, tafin hannunsa ya yi fari fat, dasashinsa yana zub da jini. Ƙanwarsa, wadda shi ya rene ta tun rasuwar iyayensu, ta kai shi wurin likita a birni.

Likita ya auna shi ya ce, "Baba, a cikin ɓargon ƙashi ake yin jini. Akwai kuma sojoji a jikin mutum masu tsare shi daga cuta. Naka sun ruɗe, sun juya suna yaƙar ɓargonka. Na ƙanwarka ya dace da naka, ta kuwa yarda a ɗiba a dasa maka. Amma sai mun kwantar da sojojin nan da magani tukuna, in ba haka ba, za su ɗauke shi baƙo, su hallaka shi."

Manomin ya girgiza kai. "Ni ne babba. Ni nake ba ta."

Ƙanwar ta durƙusa kusa da shi ta ce, "Yaya, tun ina yarinya nake cewa na gode. Ka bar ni in ji yadda naka bakin zai faɗe shi."

Sai manomin ya miƙa wa likita hannu, aka yi dashen. Ya kwanta makonni ba ƙarfi, ana ba shi kunu a baki. A hankali sabon ɓargon ya kama, jini ya dawo, ya koma gida da ƙafafunsa.

Ma'anar wannan misali ita ce, 'yan'uwa, girman kai yakan zo mana da kamannin mai tsaro. Yana cewa mutuncinmu yake karewa, alhali a ɓoye ranmu yake ci. Ubangiji ya riga ya shirya alherinsa kyauta, sau da yawa ta hannun wanda muke gani ƙarami ne. Ba a sayensa, ba a kuwa tura wa mutum dole. Wanda ya kwantar da masu tsaron zuciyarsa ya buɗe hannu, shi ne zai rayu.