Jan Gargaɗin Da Kamila Ta Ƙi Gogewa

Akwai wata baiwar Allah 'yar Ƙofa ta ƙasar Kusada, sunanta Kamila, mai karatun digiri na uku a kimiyyar sinadarai. Abu ɗaya ya tsaya mata: sai mujallar masana ta buga bincikenta za a bar ta ta kammala.

Ta haɗa wani sabon sinadari, ya daskare ya zama ƙwaya mai sheƙi kamar ta sukari. Aka haska ta da na'ura, aka fitar da bayanan yadda cikinta yake.

To mujallun nan ba su san “yarda da ni” ba. Sai ka ajiye bayanan duka a rumbun intanet, sannan manhaja ta tantance su. Kamila ta hau mashin zuwa Kankia neman sabis, ta tura. Sai ga gargaɗi da ja: wani gefen ƙwayar bai zauna daidai ba.

Ta kira abokin karatunta Ɗanmaliki, wanda bai taɓa rasa dabara ba, ko da ba a tambaye shi ba.

Ya ce, “Mi ya yi zafi? Goge lambobin da suka kawo jan nan. Wa zai duba?”

Ta ce, “Ka san ko buhun wake Babanmu zai saida, ba ya jera masu kyau a baki ya ɓoye masu ƙwari a ƙasa.”

“To ki zauna nan, mu mu gama mu bar ki.”

Maganar ta yi mata ciwo, ba ƙarya. Amma ta tura komai yadda yake, ta rubuta wa editan mujallar cewa ita ma ba ta gane wurin ba.

Shiru, har aka cire amfanin gona. Ranar da amsa ta zo tana tsakar gida tana taya Innarta ɓarar gyaɗa. Masanin da mujallar ta sa ya duba aikin ya bi lambobin nan, ya gano ruwa ne ya maƙale cikin ƙwayar, abin da ya ƙara wa binciken daraja. Masu mujallar suka ce ta gyara su buga.

Inna ta ce, “Ni ban gane ba, 'yar nan. An ci ko an faɗi?”

Kamila ta share hawaye tana dariya. “An ci, Inna. Da wurin da aka ce in goge aka ci.”

Darasi: Kada ka ɓoye aibin aikinka don a yaba maka. Faɗi gaskiya ka yi haƙuri, Allah ba ya tozarta mai amana. Ku tura wa ɗalibanmu su karanta.