Karen da Ya Jira Kwandon Hajiya Ihsan

Akwai wani tsohon ma'aikacin gidan waya a benenmu na unguwar Shubra, sunansa Ustaz Nashat. Ranar Talata, 7 ga Oktoba, ƙarfe goma da kwata na safe, ya shigo da wani kare mai ɗingishi, Zaitun, daga gidan da ake kula da karnukan titi. Na rubuta lokacin. Tun makarantar mishan ban yarda da "wajen ƙarfe kaza" ba.

Tun da matarsa ta rasu, Nashat bai da mai tarbarsa a ƙofa. An ba shi karen gwajin kwana goma sha huɗu. Idan maƙwabci ɗaya ya ƙi sa hannu a takardar amincewa, za a zo a ɗauke shi.

A samansa, hawa na biyar, Hajiya Ihsan ke zaune ita kaɗai. Gwiwoyinta sun daina sauka bene. Kullum ƙarfe bakwai takan zuro kwando da igiya, Gabir mai gadi ya sa mata gurasa da wake. Kwandon kuwa ta gaban barandar Nashat yake bi. Zaitun na ganinsa sai haushi.

"Ustaz! Kama shaiɗanin nan naka! Wakena ya zube!"

"Gaishe ki yake yi, Hajiya."

"Ya je ya gaida uwarsa! Takardarka kuma ka jiƙa ka sha."

Kowa ya sa hannu, ni ma na sa. Ita ta ƙi.

Ranar ƙarshe, motar gidan karnukan za ta zo ƙarfe tara. Nashat ya naɗe bargon Zaitun.

Bakwai ta yi, ba kwando. Bakwai da rabi, shiru. Zaitun ya kafe a baranda yana kallon sama, sai ya ɓarke da kuka. Nashat na buɗe ƙofa ya sulale, ya hau bene da ƙafa uku, ya hau kartar ƙofar Hajiya. Ni da Nashat muka bi shi.

Gabir ya hauro yana haki. "Ustaz, janye shi! In ta fito, ni da kai mun shiga uku."

Nashat ya ce, "Yau ka sa mata gurasa?"

"Fushi take yi, shi ya sa ba ta zuro ba."

"Shekara tara, ta taɓa fashi?"

Gabir ya lalubo makullin da ta ba shi ajiya.

A ƙasan kicin muka same ta, ƙugu a karye, igiyar kwandon a hannunta, murya ta dishe don kira.

Motar asibiti da ta karnuka kusan tare suka iso. Ana saukowa da ita ta ga an sa wa Zaitun sarƙa.

"Ina za ku kai shi? Ustaz, kawo takardar." Ta sa hannu a kwance. "Amma ka gaya masa, wakena ba nasa ba ne."

Nashat ya rasu bayan wata goma sha ɗaya. Waɗanda suka rage: Gabir, da ni, da Hajiya Ihsan, da Zaitun, wanda yanzu a barandar hawa na biyar yake kwanciya, kusa da kwandon.

Darasi: Kada ka yi gaggawar korar wanda ke damunka da hayaniya, wataƙila shi kaɗai ne zai lura ranar da ka yi shiru. Ku tura wa duk mai maƙwabci tsoho da ke zaune shi kaɗai.