Sulhu a Tsakiyar Kogi

An ce a garin Tsaunin Baure an yi wani sarki, Ɗangaladi, wanda yaƙi da Sarkin Kurmi ya ishe shi. Duka biyun sulhu suke so, amma kowa na ganin wanda ya fara taka ƙasar wani shi ya sauko.

Rannan yana zaune a soro cikin zullumi, sai tsattsewar da ke sheƙa a azara ta ce, "Ranka ya daɗe, na ga irin wannan a ƙasar Turawa, inda nake zuwa in zafi ya yi."

Sarki ya gyara zama. "Su ma suna yaƙi? Yaya suke sauke takobi?"

Ta ce, "Akwai sarakuna biyu, Baldo da Rainar, kogi ya raba ƙasashensu. Suka sa aka ɗaure kwalekwale a tsakiyar ruwa, inda ba na kowa ba ne. Nan suka haɗu, suka dafa ƙasusuwan waliyyansu suka rantse."

"Rantsuwa kawai? Ai baki ba shi da ƙashi."

"Haka limaminsu ya gani. Ya ce kowa ya ba ɗan'uwansa ɗansa riƙo. Baldo ya ɓata fuska. Sai tsohon limamin ya ce, 'Saurari labarin shaho biyu. Kullum in ɗaya ya tafi farauta, sai ɗayan ya girgiza reshen da sheƙarsa take, ƙwai su zube. Suka kai ƙara gun hankaka, mai da ɗan wani nasa. Ya ce su yi musayar ƙwai ɗai-ɗai. Tun ranar iska kaɗai ke motsa rassan nan. Wanda ƙwansa ke sheƙar wani ba ya girgiza reshen.' Sai Baldo ya miƙa ɗansa."

Zuciyar Ɗangaladi ta tafi kan ɗansa tilo, Barau. Murya ƙasa-ƙasa ya ce, "Sulhun ya ɗore?"

"An sha yin cacar baki, har an ɗaura sirdi, amma ba a hau ba. Yaran suka girma, kowa na kiran maƙiyin ubansa baba. Sulhun da bai ci maka komai ba, ranka ya daɗe, ba ka jin zafin karya shi."

Sarki ya daɗe yana shafa gemu. Sannan ya kira Sarkin Fada.

"A aika Kurmi, mu haɗu a mashigin rafin da ya raba ƙasashenmu. A kira mini Barau kuma. Gara ya ji daga bakina."