Sabon Haɗin Cha'ibu

Akwai wani mai sayar da man shafawa a Mayahi, Cha'ibu. Sunansa ke kan gwangwani, amma amininsa Mai Nasara ke dama haɗin a Tasawa.

Shekarar da soja suka karɓi mulki, damina kuma ta yi rowa, mata suka fara ƙorafi: man yana fesa musu ƙuraje. Cha'ibu ya kai gwangwani wa ɗiyar yayarsa, Rashida, mai karatun sinadarai a Maraɗi.

Rashida ta zuba bayanan haɗin cikin ordinata, wato na'ura mai ƙwaƙwalwa.

"Kawu, sinadarin da ke hana man lalacewa shi ke cin fata. Na'ura ta auna wasu da yawa a lissafe, ta tsamo wanda bai cutarwa, mun kuma gwada shi. Sai dai da tsada, ga iyaka rufe."

Cha'ibu ya sayar da san nomansa ya sayo sabon sinadarin, ya damƙa wa Mai Nasara. Ya bi kasuwanni har Attantané yana rantsuwa an gyara.

Ƙuraje ko gezau. Wata dattijuwa, Hindu, ta dire gwangwani gabansa.

"Kai da ka rantse muna, Cha'ibu? Dubi wuyan jikata."

Ya kasa ɗaga kai. Washegari sai Tasawa.

"Wallahi aboki, na'urar yarinyar nan ce ta yi ƙarya," in ji Mai Nasara.

Cha'ibu har ya fara jin haushin Rashida. Aka kira azahar, suka tsuguna alwala. Da aka zo shafar kai, Mai Nasara ya yi ta nuƙu-nuƙu, daga baya ya tuɓe hula. Sanƙonsa ya yi ja, ƙuraje sun yi sahu.

Matar Mai Nasara, Saudatu, da ta kawo buta, ta ce, "Ai ni na canza mishi. Man waje yake saye a ɓoye, na ce ga namu an gyara, na juye mishi a kwalbarshi."

Cha'ibu ya miƙe ya tura ƙofar ɗakin haɗi. Tsohon sinadari ne cike da jarkoki. Sabon, tuni Mai Nasara ya sayar.

"Da sunana ka yi wannan, Mai Nasara? Bar hular nan ƙasa. Haka za mu je gun Hindu."

Darasi: Ilimi yana iya nuna hanyar gyara, amma in mai damawa ba shi da amana, aikin banza ne. Abin da ba ka yarda ya taɓa fatarka ba, kada ka sayar wa ɗan wani. Ku tura wa abokan sana'arku.