Baƙar Motar da Maniru Ya Gani Ba Direba

Akwai wani mai shagon cajin waya a bakin tashar Bodinga, sunansa Maniru. Mutum ne mai fara'a, amma yana da hali guda: ba ya son wani ya riga shi ba da labari.

Wata ranar kasuwa yana tsaye a ƙofar shago, sai ga wata baƙar mota ta taho a hankali daga wajen Dingyaɗi. Gilasanta duk masu duhu ne, in ban da na gaba ta hannun hagu da aka sauke. Maniru ya leƙa inda direba ke zama. Wayam, ba kowa! Kuma motar tafiya take.

Nan take ya ciro waya ya danna naɗar murya, yana haki.

"Jama'a, ku saurara! Wallahi da idona na gani! Baƙar mota ta wuce Bodinga yanzun ga, ba direba cikinta, ta nuhi Shagari. Kowa shi kama yaranai!"

Ya tura wa 'yan unguwarsu, ya tura wa 'yan ƙwallo, ya tura wa dangi.

Kafin la'asar labari ya yi ƙafa. A Dingyaɗi aka ce motar ba ta shan mai, jini take sha. A Horo Birni aka ce ta tsaya gaban wata makarantar allo ta buɗe ƙofa da kanta. Wata mata ta rantse cewa maƙwabciyar ƙanwarta ta ji kukan jariri a cikin but ɗin motar. Duk wanda ya tura muryar Maniru sai ya ɗora nasa a kai.

Shi kuwa Maniru daɗi ya cika shi. Duk wanda ya kawo caji sai ya ce, "Ka ji saƙon ga? Ni na yi shi."

Ana nan, rannan ya je Mandera gaida mahaifinsa, Malam Sulaiman. Suna zagaya gona da hantsi sai tsohon ya ƙwalla ƙara ya faɗi. Kububuwa ce ta sare shi a idon sawu.

Kafin a fito da shi bakin hanya ƙafa ta kumbura, jiri ya hana shi zama a kan babur. Mota guda ce a garin, an ɓoye ta a bayan wani rumbun albasa. Da aka yaye tamfol ɗin da ke kanta, sai Maniru ya ga baƙar mota mai duhun gilasai. Ita ce.

Mai ita wani ɗan kasuwa ne mai sayen albasa, Ɗanliti. Ya buɗe ƙofar dama ya zauna, ya kama sitiyari. Maniru ya tsaya baki buɗe. Ashe sitiyarin motar a hannun dama yake! Kujerar da ya leƙa ran nan ta fasinja ce.

"Shiga mana, bawan Allah!" in ji Ɗanliti. "Tsohon ga ba shi da lokaci."

Suna tafe Ɗanliti ya nuna gilashin baya da ya tsage. "Ka gani? Jihwa ta anka yi a Horo Birni. Wani mutum ya yi ƙarya ga motata, yanzu ko ga masu albasa sai na ɓoye ta. Allah shi isam min."

Maniru ya sunkuyar da kai, ya ƙara rungume mahaifinsa.

Sun kusa shiga Shagari sai suka tarar da kututture a gicciye kan hanya. Samari suka fito ta ko'ina da sanduna da gora.

"Ga ta nan! Ita ce! A kawo fetur!"

Aka fara dukan motar. Maniru ya fito da hannuwa sama.

"Don Allah ku tsaya! Maciji ya sari babana, asibiti za mu!"

Shugaban samarin, wani ƙato mai suna Faruk, ya ɗaga waya. "Asibiti ko? Saurara ka ji abin da anka ce ga motar ga." Ya danna, sai muryar Maniru ta cika wurin.

"Ni ne!" Maniru ya yi ihu. "Muryata ce! Kuskure na yi!"

Samari suka fashe da dariya.

"Kai maƙaryaci!" in ji Faruk. "Mai muryar ga ai ya rasu. Motar ta koma Bodinga ta shanye jininai, kowa ya sani. Har hoton jana'izatai anka turo muna."

Maniru ya waiwaya. Ga mahaifinsa yana nishi a cikin mota, ga wani yaro ya taho da galan ɗin fetur. Sai ya buɗe baki da iya ƙarfinsa, yana hawaye, ya maimaita saƙon kalma bayan kalma: "Jama'a, ku saurara! Wallahi da idona na gani!"

Samarin suka dubi wayar, suka dube shi. Murya ɗaya ce, ba tantama.

Wani malamin makarantar allo, Malam Haliru, ya kutso cikin taron da sandarsa. Kai tsaye ya leƙa motar. Ya ga sitiyari a dama, ya ga Ɗanliti zaune a kujerar direba, ya ga ƙafar tsoho ta yi suntum.

"Cikinku wa ya leƙa kamin ya ɗauko sanda?" Ya nuna kututturen da sandarsa. "Ku janye iccen ga yanzu!"

Faruk da kansa ya ja kututturen, ya hau babur yana buɗe musu hanya har ƙofar asibiti.

Malam Sulaiman ya rayu, amma likita ya ce jinkirin ya yi wa ƙafar illa. Har yau da sanda yake tafiya.

A harabar asibiti Maniru ya durƙusa gaban Ɗanliti. Ɗanliti ya ce, "Na yahe maka. Amma tashi ka gaya ma mutane, kamar yadda ka gaya musu na hwarko."

Maniru ya naɗi sabon saƙo ya tura ko'ina. Mutane ƙalilan ne suka tura shi gaba. Sai ya hau babur yana bin masallatai da kasuwanni ƙauye ƙauye, yana bayani da bakinsa. Manoman Mandera kuwa suka ce albasarsu ta bana ba mai saye sai Ɗanliti.

Don a huta, Ɗanliti ya kai motar Sakkwato aka yi mata farin fenti. Ranar da ya dawo da ita, wani ya shigo shagon Maniru a guje.

"Ka ji sabon labari? Baƙar motar nan ta rikiɗe ta zama fara!"

Maniru ya karɓe wayar daga hannunsa, ya jawo masa benci. "Zamna tukuna, in kira maka mai ita."

Darasi: Kafin ka danna ka tura, tambayi kanka: na gani da kyau? Na bincika? Ƙarya ba ta tsayawa yadda ka sake ta, kowa ƙara mata yake, kuma wata rana kai ko naka za ta tare wa hanya. Allah ya hane mu yaɗa abin da ba mu tabbatar ba. Ku tura wannan zuwa ga 'yan'uwa, musamman wanda kuka sani yatsansa na da sauri.